Famfon ya yi ta jijjiga, ma'auni ya faɗi gaskiya, amma ba wanda ya yarda da su

A watan Satumban 2024 aka sanar da cewa kamfanin Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar sayen wuta daga tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania a Amurka, inda za a sake tayar da rukuni na ɗaya wanda aka rufe a 2019. Labarin ya zaga duniya, aka yi ta maganar kuɗi da yawan megawat. Ni kuwa abin da ya faɗo mini a rai shi ne rukuni na biyu da ke gefensa, wanda ya mutu tun 1979, da kuma ƙananan na'urorin da suka yi ta ba da labarin abin da ke faruwa a daren da ya mutu, ba a saurare su ba.

Ra'ayina a nan ɗaya ne. Ƙasar da ke son tashar nukiliya, kafin ta tambayi nawa za ta samu na wuta, ta fara tambayar kanta: wa zai riƙa gwada ma'aunin zafi da na jijjiga da ke jikin famfunan sanyaya tukunyar, kuma in ma'aunin ya yi ƙara, wa ke da ikon cewa a kashe, ko da za a yi asarar kuɗi?

Tambayar tana kama da ƙaramar magana ta masu gyara. Ba ƙarama ba ce.

Me famfon yake yi?

Duk direban da ya taɓa tsayawa a gefen hanya yana zuba ruwa a lagireto ya san rabin labarin. Inji yana haifar da zafi, ruwa yana kwashe zafin, famfo yana zagaya ruwan. In famfo ya tsaya ko ruwa ya tsiyaye, inji ya ƙone.

Bambancin shi ne mota in ka kashe ta, ta daina haifar da zafi. Tukunyar nukiliya ba haka take ba. Ko an kashe ta, makamashin da ke cikinta yana ci gaba da fitar da kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na zafinsa a daƙiƙun farko, bayan awa ɗaya ma yana fitar da fiye da kashi 1. Tukunyar rukuni na biyu a Three Mile Island tana samar da zafi na megawat 2,772. Kashi 1 cikin ɗari na wannan ya ishi narka ƙarfe idan babu ruwa a kansa.

A irin wannan tasha ruwan yana tafiya ne da zafin kusan digiri 300, cikin matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 150, domin kada ya tafasa. Famfunan da ke tura shi sun fi ɗaki tsawo, kowanne yana tura lita dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. Suna aiki dare da rana na shekara ɗaya da rabi ko biyu ba hutawa, a cikin rufaffen ginin da ba a shiga sai da dalili saboda tururin nukiliya.

Wato babu bakaniken da zai ɗora hannu a kan boris ya ji ko ya yi zafi, ko ya kafa sukundireba a jikin inji ya sa kunne kamar yadda ake yi a gareji. Idon ma'aikaci da kunnensa su ne na'urorin da aka maƙala: masu auna zafin boris, da na wayoyin motar famfon, da na ruwan da ke sanyaya bakin da sandar famfon ke ratsawa. Akwai masu auna karkacewar sandar, da masu jin jijjigar gangar jikin famfon, da wasu da aikinsu kawai sauraro ne, su ji ko wani noti ya kwance yana buge-buge a cikin bututu. Idan waɗannan suka yi ƙarya, ko suka faɗi gaskiya aka ɗauke ta ƙarya, ma'aikaci ya zama makaho da kurma a lokaci guda.

Ƙarfe huɗu na asuba

Ranar 28 ga Maris 1979, da misalin ƙarfe 4 na asuba, famfunan da ke kai ruwa ga ɓangaren samar da tururi suka tsaya. Matsi ya hau a cikin tukunya, wani bawul na rage matsi ya buɗe kamar yadda aka tsara, tukunya ta kashe kanta cikin 'yan daƙiƙu. Zuwa nan komai daidai. Sai bawul ɗin ya ƙi rufewa.

A allon ɗakin kula akwai fitilar da ma'aikata suka ɗauka tana nuna ko bawul a rufe yake. Ashe abin da take nunawa shi ne an aika masa umarnin rufewa, ba wai ya bi umarnin ba. Kamar ka aiki yaro ya rufe ƙofar gida, ka kwanta ka yi barci don ka tabbata ka aike shi.

Amma akwai wani ma'auni da bai yi ƙarya ba. A jikin bututun da ke bayan bawul ɗin akwai na'urar auna zafi. Ƙa'idar tashar ta ce in zafin wurin ya wuce kimanin digiri 93, to bawul a buɗe yake. Da aka duba, sai aka ga kusan digiri 140. Me ya hana a gane? Domin tun kafin wannan dare ana samun ɗan yoyo a wurin, kullum ma'aunin yana nuna zafi sama da yadda ya kamata. Ido ya saba da ganin lamba mai yawa. Sai aka ce ai ragowar zafin buɗewar farko ce, zai huce.

Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kodayake waɗannan mutane ba wawaye ba ne. Ƙwararru ne, da yawansu sun fito daga jiragen ruwan yaƙi masu amfani da nukiliya. Abin da ya same su zai iya samun kowa: an bar wani ƙaramin lahani ya daɗe har ya cinye ma'anar ma'aunin da aka sa don a gano babban lahani.

Cikin minti 100 na farko, kimanin lita 120,000 na ruwa suka fice, fiye da kashi ɗaya cikin uku na ruwan da ke zagaya tukunyar. Wani ma'aunin kuma yana nuna kamar ruwa ya yi yawa, don haka ma'aikata suka rage ruwan gaggawa da ya fara shiga da kansa. Ƙararrawa sama da ɗari suka tashi a mintunan farko. Na'urar da ke buga jerin ƙararrawar a takarda ta kasa cim musu, har ta koma tana ba da labarin abin da ya wuce da fiye da awa biyu.

Daga nan famfunan sanyaya tukunya, su huɗu, suka fara jijjiga. An yi su ne don tura ruwa, yanzu kuwa cakuɗen ruwa da tururi suke haɗiya. Da ƙarfe 5:14 aka kashe biyu, da 5:41 aka kashe sauran biyun, don kada su farfashe. Da zagayawa ta tsaya, tururi ya rabu da ruwa, saman makamashin ya fito fili. Sai da ƙarfe 6:22 wani shugaban ma'aikata da ya shigo da sabon ido ya dubi alƙaluman, ya sa aka rufe bawul na biyu da ke bayan wanda ya maƙale. Awa biyu da minti 22 ke nan. Sai wajen ƙarfe 7:50 na dare aka samu tayar da famfo ɗaya. Shekaru bayan haka, da aka leƙa cikin tukunyar, aka tarar kusan rabin makamashin ya narke.

Ya kamata a yi wa ma'aikatan adalci a nan. Kashe famfunan ba shi ne laifin ba, domin bayan hatsarin hukumar kula da nukiliya ta Amurka da kanta ta umarci a riƙa kashe su da wuri idan aka samu irin wannan yoyon. Abin da ya ɓace shi ne tambayar da jijjigar ke yi: me ya kawo tururi inda ruwa kaɗai ya kamata ya kasance? An ɗauki jijjigar a matsayin ciwon famfo, alhali famfon labarin tukunya yake bayarwa.

Akwai wani abin da ya fi ba ni takaici. A cikin tukunyar akwai ma'aunan zafi da dama, amma an tsara kwamfuta ta daina nuna lamba idan zafi ya wuce kimanin digiri 370, sai ta riƙa buga alamar tambaya. Da masu gyara suka je da mita suka auna wayoyin kai tsaye, wasu sun nuna sama da digiri 1,000. Aka ce ma'aunan sun lalace. Wanda bai taɓa gwada na'urarsa har iyakarta ba, ranar da ta faɗi abin tsoro zai ce ta haukace.

Ba a samu asarar rai nan take ba, kuma tururin da ya fita kaɗan ne, domin ginin da ke rufe da tukunyar ya riƙe. Amma ranar 30 ga Maris gwamna Dick Thornburgh ya shawarci mata masu juna biyu da ƙananan yara da ke cikin tazarar kilomita takwas su bar yankin, kuma kimanin mutum 140,000 suka fice. Tashar da ta fara sayar da wuta a ƙarshen Disambar 1978 ta mutu tana da wata uku. Sharar wurin ta kai har 1993, ta ci kusan dala biliyan ɗaya.

Kuma an riga an yi gargaɗi. A watan Satumban 1977, a tashar Davis-Besse da ke jihar Ohio, wadda kamfanin Babcock & Wilcox ya ƙera wa tukunya kamar ta Three Mile Island, irin wannan bawul ya maƙale a buɗe. Can an gano cikin minti ashirin da 'yan kai, tashar kuma ba ta kan cikakken ƙarfi. Darasin bai isa ga mutanen da ke bakin aiki a Pennsylvania ba.

Kwana shida ana jira a Japan

Wani zai ce ai wannan ruɗani ne na dare ɗaya. To ga wanda ba ruɗani a cikinsa.

Ranar 1 ga Janairun 1989, a rukuni na uku na tashar Fukushima Daini, maƙwabciyar wadda igiyar ruwa ta lalata a 2011, ƙararrawar jijjiga ta tashi a ɗaya daga cikin famfunan da ke zagaya ruwan tukunya. Ranar babban dubawa ta shekara ta kusa, saura 'yan kwanaki. Sai aka rage gudun famfon, ƙara ta lafa, aka ci gaba. Ranar 6 ga wata ƙararrawar ta dawo, aka sake jan sa'o'i kafin a tsayar. Da aka buɗe famfon, sai aka tarar wani zoben ƙarfe na boris ɗinsa ya ɓalle daga waldarsa, ya lalata farfela, ɓaraguzan ƙarfe sun bi ruwa sun shiga cikin tukunya. Rukunin ya shafe fiye da shekara ɗaya da rabi a rufe.

A nan na'urar ta yi aikinta ɗari bisa ɗari. An ji ta, an fahimce ta. Lissafi ne aka yi: mu daure zuwa ranar da aka tsara. Don gudun asarar kwana shida aka yi ta fiye da shekara ɗaya da rabi. Wannan shi ya sa nake cewa maganar ba ta tsaya ga na'ura ba, ta kai ga wanda ke da ikon tsayar da aiki, da kuma abin da zai same shi a wurin shugabanninsa idan ya tsayar aka buɗe ba a ga komai ba.

Yadda ake gwada mai gadi

Gwajin kansa aiki ne marar armashi, babu wanda ake ɗauka hoto a kansa. Yawancin ma'aunan zafin siririyar waya ce ta ƙarfen filatinam, wadda juriyarta ga lantarki ke ƙaruwa da zafi. Irin da aka fi sani tana ba da om 100 a kan ƙanƙara mai narkewa, da kusan om 138.5 a ruwan da ke tafasa. Da tafiya ta yi tafiya, zafi da jijjiga da tururin nukiliya sukan sa ta goce kaɗan-kaɗan. Ba mutuwa take yi ba, da ta mutu ma da sauƙi, domin za a gani. Gocewa take yi, tana nuna 80 alhali 90 ne.

Don haka idan an tsayar da tasha don sauya makamashi, akan cire wayar a sa mata wata na'ura da ke kwaikwayon zafi sananne, a bi saƙon tun daga jikin famfo har allon ɗakin kula, a tabbata ƙararrawa ta tashi a daidai lambar da aka tsara. Akan kuma jira lokacin da ruwan da ke zagayawa yake da zafi ɗaya ko'ina, a kwatanta ma'aunan da junansu, wanda ya bambanta da 'yan uwansa a tuhume shi. Sannan akwai gwajin sauri, domin ma'aunin da ke faɗin gaskiya a makare bai da maraba da maƙaryaci.

Na'urorin sauraro kuwa, gwajinsu ya fi burge ni don sauƙinsa. Mutum ne zai shiga da ɗan guduma na musamman, ya bugi jikin bututu da ƙarfin da aka auna, a nesa sananniya, a ga ko na'urar ta ji. Ƙa'idar Amurka ta nemi su iya jin bugun ƙarfen da bai wuce nauyin giram 110 ba. Haka kuma ana ɗaukar sautin famfo tun yana lafiya a ajiye, domin wanda bai san muryar injinsa ba, ba zai gane ranar da ta sauya ba. Duk mai injin niƙa ya san wannan.

Bayan 1979 an wajabta wa tashoshin Amurka sa na'urar da ke nuna ainihin halin da bawul yake ciki, kuma da yawa sun zaɓi mai sauraron ƙarar tururi a cikin bututu. Da akwai ta a daren nan, da minti ɗaya ya isa.

Masu cewa an cika gwaji

Akwai hujja a ɗaya ɓangaren, kuma ba ta banza ba ce. Kowane gwaji taɓa inji ne, kuma hannun mutum yakan ɓata abin da yake lafiya. A watan Maris na 1975, a tashar Browns Ferry da ke Alabama, ma'aikata na gwada yoyon iska da kyandir, wuta ta kama, ta cinye wayoyi masu yawa na na'urorin kariya. Haka nan ƙararrawar da aka saita ta yi saurin tashi tana koya wa mutane yin biris da ita. Tsayar da babbar tasha kwana ɗaya asarar maƙudan kuɗi ce, kuma talaka mai biyan kuɗin wuta ne zai ɗauka a ƙarshe.

Na yarda da duk wannan. Amma abin da yake nunawa shi ne a yi gwaji da tsari, a rage ƙararrawar da ba ta da amfani, a gyara ƙaramin yoyo tun yana ƙarami don lambar da ke kan allo ta riƙe ma'anarta. Bai nuna a ɗage gwaji ba. Masana'antar ma ta nan ta bi: yau ana iya gwada saurin ma'aunin zafi yana wurinsa, ta hanyar ɗan ɗumama wayar da lantarki a ga yadda take hucewa, ba sai an kwance komai ba.

Ina ruwanmu?

Najeriya ba baƙuwar nukiliya ba ce. Tun 2004 akwai ƙaramar tukunyar bincike a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ƙirar China, mai ƙarfin kusan kilowat 30. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa wanda ba a tace sosai ba, aikin da ya nuna akwai masu ilimin a gida. Sai dai wannan tukunya ruwanta da kansa yake zagayawa, mai zafi ya hau mai sanyi ya sauka, ba ta dogara da manyan famfuna ba. Tashar wuta irin wadda aka rattaba hannu kan yarjejeniyoyinta da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, wadda aka ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za ta iya zama, wata duniya ce daban. Zafinta ya ninka na Zariya sau dubbai masu yawa.

Kuma famfunanta da wutar layin ƙasa suke aiki. Idan babban layi ya faɗi, abin da ba sai an ba mai karatu labarinsa ba, famfunan za su tsaya, sai wani ƙaton faifan ƙarfe da ke jikinsu ya ci gaba da juya su na ɗan lokaci, janaretocin gaggawa su tashi don sanyaya sauran sassa. Kowace faɗuwar layi jarrabawa ce ga famfo da ma'aunansa.

Ba na cikin masu cewa baƙar fata ba zai iya ba. Waɗanda suka yi kuskuren da na lissafa Amurkawa ne da Japanawa. Abin da nake tsoro shi ne wata ɗabi'a da muka sani a jikinmu: fitilar gargaɗi ta kama a mota, a manna mata salatif, allurar zafi ta mutu, a ce ai direba ya san motarsa, kuɗin kula da kayan aiki shi ne na farko da ake yankewa a kasafi. Da wannan ɗabi'ar ana iya tuƙa bas shekara goma. Ba a riƙe tukunyar nukiliya da ita.

Saboda haka idan maganar tashar ta sake tasowa a majalisa, ina so in ji an tambayi abubuwan da ba sa shiga kanun labarai. A ina za a riƙa daidaita ma'aunan, a gida ko sai an aika ƙasar waje an jira wata shida? Nawa aka ware don kayan gyara na shekara sittin da ake cewa tashar za ta yi? Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya tana da kuɗi da 'yancin da za ta rufe tashar gwamnati ana tsakiyar zafin Afrilu, jama'a na kukan wuta? Sannan injiniyan da ke bakin aiki da ƙarfe huɗu na asuba, idan ya ga allurar jijjiga ta hau ya kashe famfo, a rubuce yake cewa ba zai rasa aikinsa ba?